Casa'in da Ɗaya a Kan Faifai

Cokalin kunu yana dab da leɓensa ya kawar da kai, ya dubi tagar da ba ta buɗuwa sai rabi, ya ce, "Casa'in da ɗaya."

"Na ji, Baba," in ji Mu'mina. "Saura cokali biyu mu gama."

"Casa'in da ɗaya."

Wata goma sha huɗu ke nan ba abin da ya fito daga bakin Malam Ɗayyabu sai wannan. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya yana alwalar la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshen da ya shekara talatin yana koyar da lissafi ya tattara duk abin da ya sani ya kulle, ya bar lamba guda a waje. Da ita yake neman ruwa. Da ita yake amsa gaisuwa. In ciwo ya tsananta ya faɗe ta da ƙarfi, in ya ji daɗi ya ja ta a hankali kamar mai rarrashin jariri. Mu'mina ta koyi bambance su kamar yadda uwa ke bambance kukan yunwa da na barci. Sai dai akwai wata iri da yake yi idan ya kafe ta da ido, murya ƙasa-ƙasa, wadda har yau ba ta san me take nufi ba.

Ta goge masa haɓa, ta gyara matashin da ke tallafe da hannun da ya mutu. Duniyarta yanzu taku goma sha ɗaya ce: daga gadonsa zuwa murhu, daga murhu zuwa igiyar shanya, ta dawo. Bayan katanga unguwarsu ta Gangaren Tudu na ta hidimarta, keke mai ƙafa uku na ƙaho, ɗalibai na wucewa suna dariyar abin da ba ta ji farkonsa ba. Littattafanta na adabi suna cikin kwali ƙarƙashin gado. Da can takan karanta labarin matan da aka kulle a benaye masu tsawo har ta yi musu hawaye. Ba ta taɓa zaton ƙauna ma tana da kwaɗo ba, kuma mutum da hannunsa yake datse shi.

Wayarta tana cikin aljihun siket, saƙon da ke cikinta kuwa ta haddace shi. Daga sashensu na jami'a ya zo, can Zariya. Ta jingine karatu sau biyu, ba a yin na uku. In ba ta bayyana ranar Litinin ta yi rajistar zangon ƙarshe ba, za a cire sunanta. Zango guda ya rage mata cikin shekara huɗu. Yau Alhamis.

Mutum uku ta nema su karɓe ta jinya. Yayanta Husaini, ma'aikacin gwamnati a Abuja, ya daɗe yana huci a waya kafin ya ce, "Mu'mina, ɗaki biyu nake da shi a Mararraba, ni da mata da yara huɗu. Ƙarfe biyar nake fita saboda cunkoso. Ina zan sa shi? Ki yi haƙuri, Allah zai ba ki wata damar." Kawunta na Lafiya, ƙanen marigayiya mahaifiyarta, ya ce zai kira, bai kira ba. Ta uku kuwa ga ta nan tana shigowa da sallama, tana dafa bango saboda gwiwa.

Gwaggo Mairo, ƙanwar Malam, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu. "Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Casa'in da ɗaya."

"To, alhamdulillahi." Ta juyo wurin Mu'mina. "Na faɗa miki tun bara, sadaka yake nema. A soya waina casa'in da ɗaya a raba ranar Juma'a."

"An yi, Gwaggo. Sau biyu."

"Wataƙila ba ku ƙirga daidai ba. Ke da lissafi dama ba ku taɓa shiri ba."

Mu'mina ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, maganar da na yi miki jiya..."

"Na ji ki. Ni da wannan gwiwar zan ɗaga namiji? Wata uku? So kike ki dawo ki tarar da mu biyu a kwance?"

"To a nemo wani daga waje, ko da..."

"Kul!" Gwaggo ta ɗaga yatsa. "A gidan nan? Kakanninmu ne suka sari wannan unguwa. A ce Malam Ɗayyabu yana da ɗa yana da 'ya, amma bare ke juya shi a gado? Da wane ido zan shiga gidan biki? Digiri ai ba gudu yake ba."

"Wannan gudu yake, Gwaggo. Ranar Litinin zai tafi."

"Digirin tatsuniya? In tatsuniya ce zo in ba ki kyauta."

Mu'mina ta ɗauki kwanon kunu ta fita, ta tsaya a gaban murhu tana kallon toka har idanunta suka daina zafi.

Da hantsi, bayan Gwaggo ta tafi, aka ji ƙarar tsohon babur a ƙofar gida, da murya mai kauri tana sallama tun daga zaure. Baba Zakka ne, mutumin Agwada, mazaunin Sabon Gari. Shi ya koyar da aikin gona a makarantar da Malam ya koyar da lissafi, teburinsu ɗaya a ɗakin malamai shekara ashirin da biyu. Duk Litinin da Alhamis yakan zo ya yi wa abokinsa wanka. Sauran ranakun Mu'mina ce ke goge jikin mahaifinta da tsumma, ita tana kallon bango, shi yana kallon rufi, kowa na kare wa ɗan'uwansa kunya. Gwaggo ba ta lissafa Baba Zakka cikin bare. Ta ce shi ya riga ya zama kayan gida, kamar turmi.

"Ɗan birni!" in ji Baba Zakka yana naɗe hannun riga. "Har yanzu kana kwance? Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, me ya gajiyar da kai?"

"Casa'in da ɗaya!"

"Kin ji ko, 'yata? Zagina yake. Ni na san wannan, ita ce wadda yake yi mini in na cinye masa gyaɗa."

Da aka gama wankan ya fito tsakar gida yana goge hannu, ya dube ta sau ɗaya, ya ja kujera ya zauna. "Wa ya mutu?"

Ta miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, leɓunansa na motsi. "Wa da wa kika tambaya?"

Ta lissafa masa su uku.

"Uku." Ya yi wata 'yar dariya. "Kin gwada biyu, kin gwada uku, kin gwada biyar. Lallai ke ɗalibar babanki ce. Ina gwangwanin nan nasa?"

Ta san wanda yake nufi. Duk wanda ya bi ta ajin Malam Ɗayyabu a garin Keffi ya san shi: tsohon gwangwanin madara mai 'ya'yan tsamiya casa'in da ɗaya, waɗanda hannuwan yara suka goge har suna sheƙi. Ranar farko ta kowace shekara yakan zazzage su a kan tebur ya ce, "Ku jera mini su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Kada ƙwaya ta yi saura." Sai aji ya rufu a kansu. A jera bibbiyu, saura ɗaya. Uku-uku, saura ɗaya. Biyar-biyar, saura ɗaya. Kullum sai ƙwaya guda ta tsaya a gefe ita kaɗai, ba layin da ya karɓe ta.

Mu'mina tana da shekara goma sha ɗaya ta zauna a wannan aji. Ta juya bayan littafin rubutunta ta bi jadawalin sau da yatsa daga sama har ƙasa, ba ta ga casa'in da ɗaya ba. Ta ɗaga hannu da ƙarfin zuciyar 'yar malam ta ce, "Ba ta rabuwa. Tana cikin lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu."

Har yau tana iya ganin murmushinsa. "Madalla, kin yi kuskuren da nake jira. Jadawalin nan ya tsaya a goma sha biyu ne domin takarda ta ƙare, ba domin lissafi ya ƙare ba. Bakwai sau goma sha biyu, tamanin da huɗu. Ƙara taku ɗaya." Ya jera su da saurin mai sana'a, bakwai-bakwai, har layi goma sha uku, ba saura. "Ƙasa da ɗari ita kaɗai ke yin wannan yaudara. Arba'in da tara kowa ya haddace ta. Saba'in da bakwai fuskarta ta tona ta. Amma wannan, mara ce, biyu ba ta raba ta, ba ta ƙare da biyar ba, uku bai shige ta ba, sai ta sa rigar masu taurin kai ta zauna a cikinsu. Ba ita ta ƙi rabuwa ba. Ku ne kuka gaji kafin ku kai bakwai."

Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Malam Casa'in da Ɗaya, sunan ya bi shi har kasuwa.

"Baba Zakka," in ji Mu'mina, "Sista Filomina da ke yi masa gashin ƙashi a asibiti ta ce kalma ce kawai ta maƙale. Ta ce wadda mutum ya fi faɗa a rayuwarsa ita kan rage. Kada in wahalar da kaina neman ma'ana."

"Ta fi ni ilimi. Ni tambaya ɗaya zan yi. Zangon nan naku, daga rajista zuwa takardar ƙarshe, mako nawa ne?"

Ta buɗe jadawalin da aka turo musu, ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa.

"Goma sha uku."

"To."

"Amma ai tun kafin saƙon ya zo yake faɗa. Wata goma sha huɗu."

"Ban ce annabi ne ba, 'yata. Malamin lissafi ne." Ya gyara zama. "A Agwada, in mutum ya kwanta ciwo da damina, gonarsa ba ta zama daji. Ba kuma 'yarsa ake bar wa fartanya ba. Gida-gida ake karɓa. Babanki ya yi noma a kawunan rabin garin nan. Je ki ki gani ko ya tsira."

Ran Juma'a da safe ta bar shi a hannun Baba Zakka, ta sa hijabi ta fita. Rabonta da wuce bakin unguwa tun ƙaramar salla. Hasken titi ya yi mata yawa, ƙafafunta suna ta son juyawa gida. A hannunta akwai takarda mai layi goma sha uku: mutum goma sha uku, kowa ya riƙe Malam mako guda.

A Sabon Gari ta sami Jonatan bakanike rabinsa a ƙarƙashin mota. Da ya ji ko 'yar wace ce, ya fito yana goge baƙin mai a wando.

"Malam Casa'in da Ɗaya! Kai! Ɗaya a sama, biyu a ƙasanta, uku a ƙasansu, har goma sha uku, ka tara duka, casa'in da ɗaya. Dala mai kusurwa uku. Wallahi da noti nake nuna wa yarana." Murnar ta ragu da ya ji abin da ya kawo ta. Ya sosa ƙeya. "Mako guda cur? Ƙanwata, in na rufe garejin nan mako guda, zan dawo in tarar yarana sun sayar da ni har da sifana."

Akram tela ya tsayar da keken ɗinkinsa ya saurare ta har ƙarshe. Shi lemo ya tuna. Ya ce Malam ya taɓa kai su bakin kasuwa ya sa mai lemo ya kasa musu dala hawa shida: talatin da shida a ƙasa, ashirin da biyar a kai, sha shida, tara, huɗu, ɗaya a ƙoli. "Muka ƙirga, casa'in da ɗaya. Mai lemon ya ce Malam aljani ne." Ya yi dariya, sannan ya nuna mata tarin yadudduka a bayansa. "Dubi nan. Biki uku. In na ɓace mako guda, matan nan za su ɗinke ni da raina."

Haka ta yini. Kowa yana da tasa casa'in da ɗaya da ya adana shekara da shekaru, kowa idonsa ya kawo ruwa, kowa ya ce a gaishe da Malam. Ba wanda ke da mako guda. Da la'asar ta dawo da suna biyu a takarda: Baba Zakka, da ladanin masallacin unguwa, wanda shi ma sai da ya ce in Allah ya yarda sau uku.

Ran Asabar ta kasa cin abinci. Bayan azahar ta hau kujera ta sauko da gwangwanin daga saman kabad, ta hure ƙurar da ke kansa. Ta jingina mahaifinta da bango, ta ɗora faifai a kan cinyarsa, ta zazzage 'ya'yan tsamiyar. Idonsa ya buɗe irin buɗewar da ta manta yana da ita.

Ta jera su a gabansa yadda ya koya mata. Bakwai, bakwai, bakwai. Layi goma sha uku, gajeru, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

"Ga ta nan, Baba. Ta rabu. Na gane karatun, shekara goma sha huɗu bayan an tashi aji." Ta taɓa layin farko da na biyu. "Wannan Baba Zakka. Wannan Ladan. Sauran sha ɗaya ba kowa. A kan faifai ne kawai take rabuwa."

Yana kallonta.

"Ban taɓa faɗa maka ba. Ranar Litinin za su cire sunana. Ba na so ka ji. Wallahi ina ƙaunarka fiye da kowace takarda. Amma na gaji, Baba. Na gaji. Kullum da safe in na ji ka kira, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji, sannan in ji kunyar kaina har in kasa kallon madubi. Ni ce ƙwayar nan da ke saura. Ko ta ina aka raba, ni ke saura."

Ta toshe bakinta da hannu, amma maganar ta riga ta fita, tana tsaye a tsakaninsu cikin ɗakin. Wace irin 'ya ce ke faɗa wa uban da ba zai iya amsawa ba cewa ya yi mata nauyi?

Hannunsa na hagu ya taso daga kan zane yana karkarwa. Ya sauka a bakin faifan, ya tura.

Ta zaci ture shi yake, ya yi fushi, yana so a ɗauke masa daga gabansa. "Yi haƙuri, Baba," ta ce, ta kai hannu za ta ɗauka. Yatsunsa suka danne gefen faifan da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba. Ta saki. Ya sake turawa. Faifan ya ɗan juya a kan cinyarsa, ƙwaya biyu suka goce daga layi. Ya huta, gumi ya tsattsafo a goshinsa. Ya sake. Sai da gefen da ke dama ya koma sama sannan hannun ya zame ya faɗi.

"Casa'in da ɗaya," ya ce, ƙasa-ƙasa, idonsa a kanta.

Ta dubi faifan. Ba a ƙara ƙwaya ba, ba a rage ba. Amma gajerun layukan nan goma sha uku sun tafi. Abin da ke gabansa yanzu layi bakwai ne, dogaye, kowanne da ƙwaya goma sha uku.

Ta sake ƙirga layukan. Bakwai. Kwanakin mako. Ba mutum goma sha uku masu mako guda ba. Mutum bakwai, kowa da ranarsa guda a mako, sau goma sha uku.

Hannun nan nasa yakan ture kofi, yakan ture matashi, yakan ture abin da bai yi niyya ba. Ta san haka. Ta mayar da ƙwayoyin biyu cikin layinsu, ba ta tambaye shi ko da gangan ya yi ba. Da me zai amsa?

Kafin magariba ta sake zaga Sabon Gari, wannan karon a bayan acaɓa.

"Rana ɗaya a mako?" in ji Jonatan. "Haba, me ya sa ba ki faɗi haka tun jiya ba? Ba ni Talata, dama ba a kawo mota ran Talata sai masu rigima." Ya ƙwala wa maƙwabcinsa mai walda kira, wani ƙato mai suna Monday, wanda ya ce Malam ya taɓa zane shi a kan bakwai sau takwas, kuma ga damar ramawa ta zo da sabulu da soso, ya ɗauki Laraba. Baba Zakka ya ɗauki Juma'a domin masu masallaci su je masallaci. Akram ya ɗauki Lahadi domin masu coci su je coci. Ladan ya ce Alhamis, bai ƙara in Allah ya yarda ba sai sau ɗaya. Kowa zai zo da hantsi, ya kwana a tabarmar da ke gefen gado, ya miƙa wa na gaba.

Ta kira Yaya Husaini a waya ta yi masa bayani.

"Asabar kawai?"

"Asabar goma sha uku, Yaya. Daga Mararraba zuwa nan bai kai awa biyu ba."

"Su wa suka ɗauki sauran?"

Ta faɗa masa.

"Mai walda," ya ce a hankali. "To. Rubuta ni."

Gwaggo Mairo ta zo ran Lahadi, labari ya riga ya kai mata. Ko zama ba ta yi ba. "Kin tara wa ɗan'uwana gari! Bakanike, tela, mai walda! Saura mai faci da mai yankan farce. Me na ce miki a kan bare?"

"Ba bare ba ne, Gwaggo. Ɗalibansa ne."

"Ɗalibai! Da ɗalibi dangi ne da an raba musu gado."

"Rana ɗaya ta rage, Litinin. Wanka Baba Zakka zai ci gaba da yi, zama ne kawai da abinci." Mu'mina ta kalli ƙasa. "Amma kada ki damu da gwiwarki. Mama Lea, matar Baba Zakka, ta ce in ba a sami kowa a dangi ba, ita za ta karɓa."

"Wa?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ina raye? Matar da ke zuba wa miyar kuka tumatir ita za ta ciyar da Yaya? Kawo takardar nan. Kuma a sama za ki sa ni, ba zan bi bayan mai walda ba."

"Dama Litinin ce a sama, Gwaggo."

"Na sani. Ina faɗa ne."

Ran Litinin gari ya fara haske, jakarta tana zaure, littattafan da ta fito da su daga kwali suna warin ƙasa. Gwaggo ta iso tun bayan sallar asuba da ƙullin kayanta da nata ludayin. Faifan yana kan kujera kusa da gado, layi bakwai. An yi shawara duk wanda ya karɓi rana zai ɗauke ƙwaya guda daga layinsa ya jefa a gwangwani, domin Malam ya riƙa ganin abin da ya rage.

Mu'mina ta durƙusa a gaban gadon. Duk kalmomin da ta tara tun jiya, ita da ta karanta littattafai cike da bankwana, ba wadda ta zo.

"Baba, zan tafi. Ka yafe mini."

Hannun hagun ya miƙa wajen faifan. Sau biyu ƙwayar tana zille wa yatsunsa, a na uku ya kama ta, ta farko a layin farko. Bai nufi gwangwani ba. Ya lalubo tafin hannunta ya ajiye ta a ciki, ya naɗe yatsunta a kai ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rufe dunƙulen hannun nata da nasa, ya riƙe.

Mai keke ya yi ƙaho a waje.

Bai saki ba. Idonsa na kanta, jajaye, cike da maganar da ba ta da ƙofa. Ta nemi ta karanta ko tafi yake cewa ko zauna, ta ga duka biyun, ta kasa motsi. Da zai ƙara matsawa kaɗan, ta san jakar nan ciki za ta dawo.

Ƙaho ya sake tashi.

"Yaya, sakar mata hannu mana, mota ba ta jira," in ji Gwaggo. Ta matso tana ɗingishi, ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa a hankali, kamar mai cire ƙaya daga zane. "Ke kuma tashi. Kin tsaya kina kallona, ko so kike in canza shawara?"

Mu'mina ta tashi. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce murhu, ta wuce igiyar shanya, taku na goma sha biyu ya kai ta inda ba ta saba kaiwa da safe ba. Ƙwayar tsamiyar tana cikin tafinta, da sauran ɗumin hannunsa.

A kan faifai saura casa'in. Amma muryar da ta biyo ta daga ɗakin har zaure, ƙasa-ƙasa, ba ta rage ko ɗaya ba.